Rasuwar Kwamfutar Zumuntar Mata, Wadda Ladabi Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan tsoro a gefe, ni Scholastica Bitrus, sakatariyar Zumuntar Mata ta ikilisiyarmu a Kafanchan, nake sanar da rasuwar kwamfutarmu. Ta bar mu ranar Talata da rana tsaka, bayan shekara ɗaya da wata biyu a hannunmu.

Marigayiyar ta zo mana a 1996, kyauta daga wata ƙungiyar Turawa, domin 'yan matanmu su koyi aiki da ita. Da ganga da rawa muka tarbo ta tun daga tasha. Ba ta taɓa gulma ba, ba ta taɓa rigimar kujerar gaba a sujada ba, shaidar da ba zan iya yi wa ko ɗaya daga cikinmu ba. In an kunna ta sai ta ce "ƙiiit", ta ɗan yi "durrr", ta kama bakinta. 'Yan matan dai ba mu bari sun taɓa ta ba, don abu mai daraja ba na wasan yara ba ne. Ta taga suke gaishe ta, su koma su yi ta buga haruffan da na zana musu a kwali.

Ga yadda ciwon ya faro. Turawan sun ce a kare ta daga datti, mu kuwa ba ma rufe babbar baƙuwa da tsumma. Mama Angelina tela ta ɗinka mata riga da zanen Zumunta, ninki biyu, ta matse ta tsaf, fuska kaɗai ta bari. Da ta ga wasu 'yan ramuka a bayanta, ta cusa auduga saboda kyankyaso. Ranar Talatar nan, cikin zafin Maris, na kunna ta don baƙinmu matan Manchok su gani, sai muka shiga gajeriyar addu'a ta awa uku. Muka fito muka tarar da ƙaurin roba. Oga Aloysius mai gyaran rediyo ya duba ta, ya ce ai ta ramukan nan take numfashi. Ya kalli rigar, ya kalle mu, ya cire hularsa.

Ta rasu ta bar firinta, injin buga takarda, wadda ba ta taɓa fita daga kwali ba, da wani ɗan abu mai wutsiya da har yau ba mu san aikinsa ba, da 'yan mata goma sha huɗu gwanayen kwali. Ta kuma bar ni, da na riga na sa hannu a wasiƙa zuwa ga Turawan cewa komai na tafiya daidai.

Turawan na dawowa ran Asabar su ga ci gaba. In sun gamsu za su ƙaro mana biyar, in ba haka ba matan Fadan Kaje za su kai wa. Ni kam ba zan iya ganin wannan rana ba.

Don haka babu binnewa tukuna. Gawar za ta kwanta a teburinta daga ƙarfe tara, cikin rigarta, da furen roba a kai. Masu makoki su zo da fara'a, duk wadda ta yi kuka za a fitar da ita. Ba za mu yi ƙarya ba, mu masu bi ne. In sun ce a kunna, ƙwan fitila kawai za mu nuna musu, mu girgiza kai.

Akwai azumi da addu'a ran Jumma'a, kowa ta zo. Shekara da shekaru muna roƙon a kawo wuta. Wannan Asabar ɗin kaɗai, ya Ubangiji, kada a kawo.