Ɓarawon Ƙasar Waje Daga Lakwaya

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kama ɓarawo a ofishinmu na Gwarzo ba. Kamfanin taki da iri ne, kuma shekara da shekaru ni ke riƙe da VPN ɗinsa, wato ƙofa ɗaya da ma'aikata ke bi su shiga kwamfutar ofis daga nesa. Lambar sirri ɗaya ce, in ka shiga ka ga komai. Ni nake ba da ita, ni nake hanawa, shi ya sa ake kirana Injiniya (ni na fara kiran kaina, sauran suka ɗauka).

Sai Alhaji mai kamfanin ya ɗauko Sagir, wani ɗan garin Gammo da ya gama jami'a. Ya zo da sabon tsari wanda ba ya yarda da kowa. Kullum sai ya duba wane ne kai, wace waya ce a hannunka, daga ina kake, sannan ya buɗe maka ɗakin aikinka kaɗai. Alhaji ya koma "Sagir ya ce" safe da yamma, ga shi ana neman wanda zai riƙe kwamfutocin sabon reshen Kabo, kujerar da na riga na ɗinka wa kaya. Kishi ya ci ni. Abin haushin ma, Sagir mutumin kirki ne, har rusunawa yake in zai gaishe ni.

Wata Juma'a mun je gaida surukaina a Lakwaya, na ari wayar matata na yi ta gwada tsohuwar lambar, ko zan samu ɓaraka in kai wa Alhaji. Ƙofa ta ƙi. Na goge komai, na ci tuwona hankali kwance.

Ran Litinin Sagir yana nuna wa ma'aikata tsarin a babban allo, sai ga jan layi: an yi ta ƙoƙarin shiga an kasa. Na lura ya yi sauri zai wuce. Na ce a raina, yawwa, ɓoyewa yake.

Na miƙe. "Alhaji, Allah ya ƙara girma, a tsaya nan. A zamanina ba a taɓa kawo mana hari ba. Wannan aikin ɓarayin ƙasar waje ne, sabon tsarin nan ne ya jawo mana su."

Sagir ya ce a hankali, "Yaya, a bar shi, ma yi magana daga baya."

"Babu wani daga baya. Buɗe kowa ya gani."

Ya dube ni kamar mai roƙo. Alhaji ya ce, "Buɗe mana, Sagir."

Ya danna. Wuri: wajen Lakwaya. Sunan waya: Matar Injiniya. (Ni na rubuta sunan da hannuna ranar da na saya mata.)

Duk wanda ke wurin ya raka ni ɗaurin aurena a Lakwaya. Alhaji ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake karantawa.

"Injiniya," ya ce, "yaushe Lakwaya ta fita daga Najeriya ba a sanar da mu ba?"

Mai lissafinmu ya fita da gudu yana tari. Ni kuwa na nemi kujerata na rasa, alhali tana bayana.

Sagir aka ba Kabo. Da bakinsa ya roƙi Alhaji kada a kore ni, wanda hakan ya fi korar ciwo. Har yau in na shigo ofis sai an tambaye ni, "Ya mutanen ƙasar waje?"

Na koyi cewa in wanda kake kishi ya ce a bar magana, to ka bar ta, mai yiwuwa asirinka yake rufawa. Wayar matata kuwa na canza mata suna. Ita ta mayar, wai tana son sa haka.