Gidan da Na Ara a Tiga

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da na yi aron gida a Tiga. Ina aji biyu a sakandare, malaminmu na Turanci, Malam Sabo, ya rubuta "bungalow" a allo. Ya ce gida ne mara bene mai baranda, kalmar kuma Turawa daga Indiya suka samo ta, can yankin Bengal. Ya ba da misali da gidajen ma'aikatan ruwa na bakin dam.

Sai ya tambaya ko akwai mai zama a irinsa. Ni da gidanmu na ƙasa, komar Baba shanye a katanga, sai ga hannuna a sama (har yau ban san wanda ya aike shi ba). Na ce mai koriyar ƙofar nan namu ne, har na ƙara masa furanni.

Da aka tashi, Malam ya ce ai hanyarsa ce, in hau babur ya sauke ni. Na yi ta addu'ar taya ta yi faci, amma ina! Muna isa, wa zan gani tsugune a bakin barandar? Baba, da kwandon karfasa, yana jiran matar gidan ta zaɓa.

Malam, da yake ya san shi, ya sauka ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Baba, ashe nan ne gidan naku? Allah ya sa albarka."

Baba ya dube ni, ni kuma na dubi yatsun ƙafata, ina ji kamar in nutse.

"Malam, nan kifi na kawo," in ji shi. "Inda muke kwana yana bayan kasuwa. Gida kam…" Sai ya nuna tsakiyar ruwa. "Yana can ƙasa tun da dam ya cinye garinmu, da rijiyarsa, da tsamiyarsa, da kabarin mahaifiyata. Kullum sai na bi ta kansa a jirgi na yi musu sallama."

A hanyarmu ta komawa gida Baba bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Gobe ka biyo ni in nuna maka naku." Kunya ta hana ni haɗa ido da shi, na ce muna da jarrabawa. Haka na yi ta ɗagawa har Allah ya yi masa rasuwa. Yanzu nakan tsaya a bakin dam ina kewarsa, ina duban ruwa, ban ma san wajen da zan yi wa sallama ba.

Darasi dai na ɗauka: in za ka yi ƙaryar gida, fara binciken inda mahaifinka yake kai kifi. In kuwa ya ce zo ka ga naku, ajiye kunyar a gaɓa ka shiga jirgin.