Saura Hoto Ɗaya

"...Lafiya ƙalau muka yini, sai yanzu da na gan ka. Mene ne kuma ka rato a wuya kamar layar jaki?"

"Amaryata na zo gani, tsohuwa, sai na tarar an musanya min ita da buhun gyaɗa."

Haka Inna Hanne ta tari jikanta Mudassir da ya iso Toranke daga Gaya bayan la'asar, tun bai gama kafe babur ba. Lokacin kaka ne, harawa jibge a kan rumfa, matan gidan duk suna gona wajen roron gyaɗa. Ita kaɗai ce a tsakar gida kan tabarma, da faranti a cinya tana ɓara.

Abin da ke wuyan nasa kyamarar marigayi kakansa ce, Malam Hamma, baƙa mai igiyar fata, wadda ya sayo shekarar da ya sauke farali. Ta daɗe a akwatin ƙarfe kafin Mudassir ya kai ta Kano a gyara, ya kuma sha yawo kafin ya samu fim. Irin ta da ce, ba a ganin hoto sai an kai an wanke. Tun farkon kaka yake bin mutanen gida da ita: wajen tatsa, wajen sussuka, ranar sunan ɗan 'yar'uwarsa Lauratu a Ajingi. Yau lambar da ke samanta ta nuna saura ɗaya.

Wannan ɗayan kuwa yana da mai shi. Gobe mahaifinsa Bubayero zai bi shanun gidan zuwa Taraba, inda ƙaninsa ya samu makiyaya, kuma babu wanda ya san yaushe zai waiwayo. Jiya ya ja Mudassir gefe, ya yi ta zancen tayar babur, can ya ce, "In da saura a abin nan naka, ina son wanda muke ni da Adda." Bubayero ɗan fari ne. Tun da Inna Hanne ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma zama inuwa ɗaya da shi. Kakarsa ce ta raine shi, shi ya sa yake ce mata Adda kamar yadda ya ji ƙannenta suna faɗa. Yana shigowa tsakar gida, sai ta tuna akuyarta ba ta sha ruwa ba. Yanzu haka yana zaure yana jira, ya sa farar rigarsa ta Juma'a.

"Buhun gyaɗa?" in ji Inna Hanne. "Ni? Yaro, lokacin da nake kai nono kasuwar Ajingi, masu keke faɗuwa suke yi wajen waige."

"Tsoro ne ya kayar da su."

"Kafin in sauke ƙwarya nonon ya ƙare. Har wanda ba ya shan nono sai ya saya ya ba maƙwabci."

"Saya suke don ki yi saurin barin kasuwar."

"Ji min mara mutunci! Kai da wannan gemun naka kamar an zuba wa kaza tsaki ta rage? Miji a ce iska tana kaɗa shi, sai an sa masa dutse a aljihu?"

"Kishi ne. Duk Gaya an san ina shirin sakin ki."

"Ai ni na riga na sake ka tun ranar da ka yi min fitsari a sabon zane. Zauna, kana tare min haske. Miƙo abin in gani."

Bai so ba, amma ya cire ya miƙa mata da hannu biyu. Ta juya kyamarar, ta shafa igiyar inda gumin marigayin ya baƙanta ta. Sai ta ɗaga ta ta saita akuyar da ke ɗaure a turke.

"Bari in ɗauki Kyalla. Ta fi ka kyan gani."

Mudassir ya zabura. Sai ya tuna bai ja fim ɗin ba, ko ta danna ba za ta ɗauka ba. Bai gama samun natsuwa ba ya ga babban yatsanta ya nufi ɗan ƙarfen da ake ja.

"Sai an ja wannan kunnen tukuna, ko? Ka zaci ban sani ba? Kakanka sai da ya ishe mu da ƙarar nan."

"Inna! Don girman Allah!"

"A'a, yau kuma Inna na zama? Ina buhun gyaɗar?"

"Saura ɗaya ne tak. In kika ɓata shi a kan akuya, sai in kai ƙara wajen mai unguwa a raba auren nan da shaidu."

"To wa kake ajiye wa?"

"Wa nake da ita in ba ke ba? So nake in manna ki a ƙofar shagona, ɓarayi su daina zuwa."

Ta yi tsaki, ta miƙa masa. Ya karɓa ya mayar wuya.

"Ni ba na hoto," ta ce. "Rannan 'yar'uwarka Khairiyya ta ɗauke ni da waya ina cin rogo, kafin magariba mutanen Kano sun gan ni. Sai da na tsaya a kanta ta goge."

"Wannan ba ta yawo da mutane. Ciki take ajiyewa."

"Na san ta ai. Kakanka ya taɓa ɗauka ta ina tatsa. Da aka wanko, saniya ta fito har jela, ni kuwa kunnena ɗaya da gwiwar hannu."

"Ya zaɓi wadda ta fi kyau ne, Allah ya jiƙansa."

"Amin. Kai kuma Allah ya shirye ka, in ana shirya irinku."

Mudassir ya dubi rana. Ta fara karkata bayan ɗorawar da ke yamma da gidan, kyamarar kuma ba ta da fitila. In inuwa ta rufe tsakar gida, magana ta ƙare.

"Tashi ki sa ɗankwalin kirki. Kuma wannan bangon naki duk tsaga ne, ga kuɓewa kin shanya. Mutane za su kasa gane wanne ne bango wanne ne fuska. A samo zane a tare baya."

"Fuskar tawa ce tsaga?"

"Ban faɗa ba. Bangon ne ya yi ƙorafi."

Ta jefe shi da ɓawon gyaɗa, amma ta miƙe tana dafa gwiwa. Ta daɗe a ɗaki. Da ta fito, ta sa kwalli, ta ɗaura ɗankwali mai ruwan goro, ga wani tsohon zanen saƙi mai kauri a kafaɗarta.

"Iye! Ashe da sauranki. Na fasa sakin."

"Ni ban fasa ba. Wa zai riƙe zanen? Ko Kyalla za ka sa?"

"Sai dogon mutum." Ya juya wajen zaure inda mahaifinsa yake, ya ɗaga murya. "Baffa! Don Allah a taimaka mana da riƙon zane."

Bubayero ya yi gyaran murya ya shigo, kansa a ƙasa. Inna Hanne ta fara lalubar takalminta.

"Akuyar nan ba ta sha ruwa ba."

"Ta sha, a gabana kika ba ta. Ko dai tsoro kike ji kyamarar ta fashe in ta gan ki?"

"Tsoro? Ni da na kori kura da muciya?"

"Bara kin ce da ludayi ne."

"Kura biyu ce!"

"To zauna. Mai riƙon zane yana bayan zane. Ba kya ganin sa, ba ya ganin ki. Bango ne kawai mai ƙafa."

Ta tsaya jim, sannan ta koma ta zauna a kan turmin da aka kifa, ta miƙe wuya, ta kafa wa ƙofar gida ido. Bubayero ya zagaya ta bayanta ya ware zanen.

Mudassir ya ja fim, ya sa ido a ɗan tagar kyamarar, sai ya ji kamar ya yi kuka. Yadda suka shirya, mahaifin nasa zai riƙe zanen daidai ƙirji. Amma da ya tsinci kansa dab da Adda, kunya ta kama shi shi ma, ya ɗaga zanen sama har ya rufe hularsa. Babu abin da ake gani sai tsohuwa, da yatsu a saman zane, da takalma a ƙasa. Farar rigar Juma'a ko alamarta.

Ya yi tari. Yatsun ba su motsa ba. Ya sake yin tari. Ba zai iya cewa Baffa sauke ba, don yana faɗa ta gane ta tashi. Inuwar ɗorawa kuwa ta riga ta cinye rabin tabarma.

"Tarin me kake yi? Babur ɗinka ya shafa maka?"

"Gyara ɗankwalin, ya karkace."

Ta gyara.

"Ɗan ɗaga haɓa."

Ta ɗaga.

"Ya yi yawa, kamar kina neman wata."

"Wai hoton nan dafa shi ake yi? Kakanka da yake yanke wa mutane kai a hoto ma bai kai ka nawa ba."

"Haske nake aunawa."

"Haske." Ta maimaita kalmar a hankali. Ba ta juya ba, amma idonta ya sauka ƙasa ta gefe, inda takalman suke. Wankakku ne, har an shafa musu mai. Ta daɗe tana kallon su. Mudassir ya sauke kyamarar daga fuskarsa, ya tabbata yanzu za a tuna da akuya.

"Kai, miji."

"Na'am."

"Gaya wa mai riƙon zanen nan, zanena ba tuta ba ne. Ya sauke shi daidai ƙirji kafin ya yage min baki."

Mudassir ya dubi yatsun da ke saman zanen. "Baffa, wai a sauke."

Zanen ya sauko a hankali. Hula ta fito, sai goshi, sai fuskar dattijo mai furfura yana kallon ƙasa kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

"Ka kuma ce masa ya matso ta dama. Iska tana shigo min ta nan."

Ko ganye ba ya motsi a gidan. Bubayero ya matso har gefen rigarsa ya taɓa kafaɗarta. Ba ta janye ba.

Mudassir ya mayar da ido. Ga su nan su biyu, hanci iri ɗaya, goshi iri ɗaya, kowa ya ɗaure fuska kamar an kawo su gaban alƙali. Hasken da ya rage yana kan fuskokinsu daidai.

"Amarya, ɗan buɗe baki mana a ga haƙorin nan guda ɗaya. Kar a ce na auri wadda ba ta da ko ɗaya."

"Guda ɗayan ya ishe ni in cije ka, ɗan banza mai ƙafar sauro! Gadon ƙafar ma ai ka san inda ka ɗauko ta!"

Dariya ta kuɓuce wa Bubayero, irin wadda mutum ya daɗe yana dannewa. Da ta ji ta a bayanta, ita ma sai ta kasa riƙewa, ta kai hannu za ta rufe baki. Kafin hannun ya isa, kyamarar ta ce ƙyas.

Nan da nan Bubayero ya naɗe zanen ya ajiye a kan tabarma, ya yi zaure da sauri yana goge ido da hannun riga.

"Kawo in gani," in ji Inna Hanne.

"Sai an kai Kano an wanke."

"To goge shi. Bakina a buɗe yake."

"Wannan ba ta san gogewa ba. Abin da ta kama ta kama."

"Haka kakanka ya yi ta cuta ta." Ta jawo farantin gyaɗarta, ta ɓare ɗaya, ta ɓare biyu. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kansa ya shiga?"

"Kan wa?"

"Kar ka raina min hankali. Kan bangon mai ƙafa."

"Har hula."

"In aka wanko na ga yatsu kawai, kar ka sake taka gidan nan. Biyu za ka wanke. Ɗaya ka kawo min da kanka, a naɗe, ba a gaban mutane ba. Ɗayan ka ba direban da ke zuwa can ya kai wa... ya kai inda za a kai."

"To ni fa, mai aikin?"

"Kai ka ga na ido, ya ishe ka." Ta tura masa zanen saƙin da ƙafa. "Wannan kuma ya tsufa, cika min akwati yake yi. Ka sa a jakar mai tafiya. An ce ƙasar can da sanyi."

Mudassir ya ɗauka ya rungume. Ya sunkuyar da kai yana shafa saƙar.

"Au, bakin ya mutu?" Ta sa hannu ƙarƙashin faifai ta jawo ɗan kwano mai murfi, man shanu ne sabon kaɗi, ta dangwara masa a cinya. "Ungo, na kai wa kasuwa ne, amma ka ci ni yau. Ka riƙa sa wa a tuwo ko ka yi nauyi."

"Kin yarda dai auren yana nan?"

"Yana nan," ta ce tana dariya, haƙorin nan guda ɗaya a waje. "Har a wanko hoton."