Rana a Madambacin Kaka Hindu

"…lahiya lau, angona. Ina gajiya? Ina kunyar da ba ka da ita?"

Haka Kaka Hindu ta amsa gaisuwar jikanta Sufyanu a tsakar gidanta a Bakura, ranar da aka ce rana za ta yi husufi. Ga kwanon ruwa a gabanta, ga idonta da aka cire wa yana ko warkewa bai gama ba.

"Amarya, wanga kwanon na mi ne?"

"Rana zan kalla ciki. Haka munka yi a Damri tun ubanka bai san wando ba."

"Shi ya sa tsohhin Damri ke gaida jaki su ce Malam! Ranar cikin ruwa ma ƙone ido takai. Ido guda gare ki mai aiki, shi ma soya shi za ki yi? Kina makancewa, saki ukku!"

"Ka sake ni wa za ta kwashe ka, da kai kamar kabewar Maradun?"

Sufyanu ya faɗa madafa, ya fito da madambacinta.

"Kai ɓarawo! Dambuna hwa?"

"Dambun da ko akuya ta shinshina sai ta yi istigfari? Ki ba rana baya, ki dubi ƙasa."

"In ba ta baya in gan ta da ƙeya? Latsa waya ya haukata min miji. Yaro, abin da babba ya hango, ko ka hau rimi…"

"Babba mai ido ake nuhi."

Ta rarumo muciya. Ya goce, ya ɗaga madambacin sama, haske ya bi ta hujojin gindinsa ya zubo kan tabarma. Kowace huda da 'yar ranarta, husufi ya gatse mata gefe kamar jinjirin wata.

Muciya ta faɗi.

"La'ilaha! Rana ta haihu cikin tukunyata! Riƙe da kyau mana, hannu kamar sillen kara!"

"Sai kin zubda ruwan nan. In ba haka ba in sauke, 'ya'yan su mutu."

"Kashe min su ka gani!"

Ya fara saukewa. Nan take ta shure kwanon da ƙafa, kaji suka watse. Dariya ta ƙwace mata har ɗankwali ya zame. Ta kwance bakin zani ta miƙo masa goro.

"Ungo, angon banza, ka ci. Amma in maƙwabta sunka tambaya, ni na koya maka."