Farantin Gwaggo Fumiko

"Ajiye ƙullin nan, Barira."

"Ba zan ajiye ba."

"Na ce ki ajiye! Shi ke nan fa ya rage mana. Daga shi sai jaka."

"To sai me? In mayar wa baiwar Allah da faranti fayau, kamar wadda ta tashi a gidan da ba a ɗora tukunya? Injiniya, in kai ka sayar da kunyarka, ni uwata tana raye."

Injiniya Haladu ya tare ƙofar kicin da hannu biyu. Ba wani abin bajinta ba ne, don kicin ɗin Japan in mutum ya yi miƙa sai ya taɓa bango biyu. Matarsa Barira na tsaye gabansa, baƙin faranti mai sheƙi a hagu, ƙullin kuka a dama. Ƙulli ɗaya tak, na ƙarshe, ga shi saura wata bakwai su koma gida.

Asalin maganar, kamfanin casar shinkafa da Haladu ke wa aiki a Haɗeja ne ya sayi sababbin injina, aka turo shi Japan ya shekara yana koyon cikinsu a masana'antar da ta ƙera su. Aikin bai gagare shi ba. Ya koyi zuwa kafin lokaci. Ya koyi shiga layi da sassafe a yi motsa jiki da manyan mutane masu furfura kamar 'yan firamare. Ya koyi rusunawa, har wata rana Barira ta kama shi yana rusuna wa waya alhali mai maganar yana wani gari. Cikinsa ne kawai ya ƙi karatu. Ranar farko a ɗakin cin abincin ma'aikata aka ajiye masa kifi yanka-yanka, ya naɗe hannu yana jira a zo a kai wuta, har aka tashi. Miyarsu kuwa, ya ce shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin an ɗebo wa mutum kogi da ciyawarsa an ce masa miya ba.

Jakar Barira ce ta riƙe masa rai. Gana-mas-go ce shaƙe da kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, yaji, zoɓo, dabino, ƙuli-ƙuli. Kilishi ma an taho da shi, amma tun a filin jirgi wani ɗan kare mai rigar aiki ya tona masa asiri aka ƙwace. Shinkafar ƙasar kuma, Allah ya yi mata albarka, tun a tukunya take tuƙa kanta. Saboda haka duk wulakancin da kifi ya yi wa Haladu da rana, da yamma tuwo da miyar kuka na jiransa. An yi lissafin jakar nan tsaf za ta kai shekara.

Sai ga faranti.

Gidan da aka kama musu yana jikin gidan mahaifiyar ogansa, Oga Morita. Tsohuwa ce 'yar firit, ta haura tamanin, sunanta Fumiko, Barira ta laƙaba mata Gwaggo. Kwana uku da tarewarsu Gwaggo ta danna ƙararrawa, ta miƙo lemo uku a kan baƙin faranti, ta rusuna ta tafi. Barira ta wanke faranti, ta zuba ƙuli-ƙuli, ta kai. A wajenta magana ta ƙare ke nan. Abin da ba ta sani ba, su ma mutanen ƙasar suna da irin wannan cutar, har tasu ta fi tsanani: wanda aka yi wa kyauta bai rama ba, abinci ma ba ya wuce masa maƙogwaro.

Washegari faranti ya dawo da tuffa biyar. Dabino ya tafi, inabi ya dawo. Zoɓo ya tafi, tawul ya dawo. Kuɓewa ta tafi, laima ta dawo. Yaji ya tafi, aka yi kwana biyu shiru, Haladu har ya fara hamdala, sai ga Gwaggo a rana ta uku, ido ja, leɓe a kumbure, riƙe da butar shayi sabuwa fil.

"Haba Gwaggo, har da wahala haka? Wallahi da kin bari," in ji Barira, tana rusunawa, tana karɓa.

Gwaggo ma ta rusuna, ta jero nata dogon zancen tana kaɗa hannu a gaban hanci. Ba wadda ke jin yaren wata, amma kowacce ta gane yaƙi ake yi.

Da abin ya ƙi ƙarewa Barira ta fito da babban makami, ta aika daddawa. Ta ce wannan in ta buɗe, ko gaisuwa sai ta daina. Gwaggo ta buɗe a bakin ƙofa, ta shaƙa, ta lumshe ido kamar wadda ta tuna ƙuruciya, ta shiga ciki da sauri ta fito da nata ruɓaɓɓen waken mai zare-zare. Ashe sun riga mu a wannan fannin.

Haka jakar shekara ta narke a wata biyar. Gida ya cika da tawul da laima, tukunyar miya kuma ta kama hanyar marayu.

"Saurara ki ji," in ji Haladu, har yanzu yana tare da ƙofa. "Jiya Oga ya kira ni ofis."

"Ya ƙara maka girma?"

"Ya zuba min shayi. Ya yi zancen ƙanƙara. Ya yi zancen damina. Ya yabi yadda nake ɗaure kusa. Rabin awa, Barira! Sannan ya ja iska ta haƙora, sssss, ya karkata kai, ya ce, 'Haladu-san,' wato Malam Haladu a bakinsu, 'mahaifiyata tana cikin farin ciki.' Na ce madalla. Ya ce, 'Matuƙar farin ciki. Har likita ya ce ta rage.'"

"Allah sarki Gwaggo."

"Kin san kukar da kika kai mata wancan makon? Koren gari ta gani, irin shayinsu. Ta tara ƙawayenta tsofaffi biyar, suka durƙusa a tabarma, ta kaɗa musu ita a ruwan zafi. Abu ya yi kauri, ana ɗaga kofi yana biyo baki. Oga ya ce sun yaba, sun ce shayin Afirka yana da ƙarfin hali."

"Sun shanye?"

"Tas!"

"To ka gani. Tana so. Matsa in kai mata saura."

Haladu ya dafe kai, ya yi salati. Sai ya yi wuf ya fizge ƙullin ya cusa a aljihun rigar sanyinsa, ya ja zif, sannan ya karɓe farantin.

"Mun gama magana da Oga, namiji da namiji. Mutum ɗaya zai daure ya mayar da farantin nan babu komai, kowa ya huta. Ku mata kun mayar da abu kamar aljani. Ni injiniya ne. Faranti katako ne da fenti, ba shi da ido, ba shi da baki."

"Allah ya ba da sa'a, Yallaɓai," in ji Barira, ta ba shi hanya har da ɗan rusunawa. "A gaida fagen fama."

Taku goma sha biyu ne tsakanin ƙofa da ƙofa. Na farko zuwa na shida ya yi su kamar soja. Daga na bakwai farantin ya fara nauyi. Ya danna ƙararrawa, Gwaggo ta buɗe, ta rusuna, ya rusuna, ta ƙara, ya ƙara. Ta miƙo hannu biyu za ta karɓa, idonta ya sauka a kan farantin.

Murmushinta bai ragu ba. Ta dai dubi faranti, ta dube shi, ta sake duban faranti. Shi ma ya duba, sai ya ga fuskarsa a ciki, ƙato da gemu, ya zo gidan tsohuwa hannu na dukan cinya. Daga can Haɗeja ya ji muryar tasa tsohuwar ta tsallako teku: "Haladu, haka na koya maka?"

Ya lalubi aljihun wando: biro, katin shiga masana'anta, tsinken sakace. Hannunsa ya wuce ta kan zif ɗin aljihun da kukar take, ya ce a'a, ko me za a yi ban da wannan. Bai san lokacin da hannun ya hau kansa ba. Ya tuɓe hularsa, ɗinkin hannu, wadda ya sa ranar ɗaurin aurensa, ya ɗora a kan faranti ya miƙa.

Gwaggo ta ja numfashi kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta rusuna har ya ji tsoron ba za ta ɗago ba.

Ya dawo gida ƙanƙara na sauka a tsakiyar kansa. Barira, wadda ta kalli komai ta taga, ta tarye shi a bakin ƙofa, ta saƙala hannu a baya, ta turo ciki, ta kumbura murya.

"'Ni injiniya ne. Faranti katako ne da fenti.' Sannu da sulhu, namijin duniya. Ina hula?"

"Iska ce ta ɗauke."

"Kai, iskar Japan akwai tarbiyya. Har kan faranti take ajiye hula, da hannu biyu."

Ya dai shafa aljihu ya ji ƙullinsa na nan, ya ce a ransa kai ya saba da sanyi, ciki ne ba ya sabo. Kwana uku yana zuwa aiki da kukar a jikinsa kamar laya.

Ranar Asabar da hantsi ƙararrawa ta yi ƙara. Oga Morita ne da kansa, cikin kwat, fuska kamar mai zuwa ta'aziyya, yana turo keke. Tsohon keke ne amma an goge shi har yana ɗaukar ido. A cikin kwandon gaba, ga baƙin faranti an naɗe shi da ƙyalle. Gwaggo na bayansa tana ta rusunawa kamar reshe a iska.

"Haladu-san," in ji Oga, ya ja iska, sssss. "Mahaifiyata ta sa tabarau ta duba ɗinkin hular nan zare bayan zare. Ta ce mai ɗinkinta ya yi wata uku yana soka allura. Ta ce kuma daga kanka ka cire. Wannan keken mahaifina ne, shekara arba'in yana hawansa zuwa gona."

"Oga, wallahi da ba a..."

Oga ya matso, ya rage murya yadda tsohuwa ba za ta ji ba, bai fasa murmushi ba.

"Haladu-san, mun yi magana."

"Mun yi, Oga."

"Babu komai, muka ce."

"Haka muka ce, Oga."

"Tun jiya take zagaya motata tana dubawa. Ina roƙonka."

Aka yi rusune-rusune, suka tafi. Keke ya cinye zauren gidan gaba ɗaya, sai an yi gefe-gefe ake wucewa. Barira ta zagaya shi, ta latsa taya, ta kaɗa ƙararrawarsa sau biyu, ta gyaɗa kai irin na wadda aka ci da yaƙi amma ba ta miƙa wuya ba. Ta zare faranti daga kwando, ta shiga kicin. Haladu na jin ta ta jawo Gana-mas-go, ta juye, ta kakkaɓe. Ko tsinken zoɓo bai faɗo ba. Ta fito ta tsaya a gabansa ta buɗe tafin hannu.

"Kawo."

Ya dafe aljihu da hannu biyu.

"Barira, don girman Allah. Wata bakwai fa. Kin ga yadda wandona ke zamewa. Ki ɗauki agogona."

"Agogon da aka ƙera a garinsu? In kai wa mai rijiya ruwa?"

"Wayata."

"Ita ma 'yar maƙwabtansu ce. Abin gida ake kaiwa, Injiniya. Kawo."

"Ba ki ji abin da Oga ya ce ba? Motarsa!"

"Wannan tsakaninsa da uwarsa ne. Kowa ya ji da tasa."

"Barira, 'yar albarka, uwargida kuma amarya. Duk abin da ke gidan nan na yafe miki, ki ɗauka ki kai. Kukar nan kawai ki bar min."

Ta dubi keke. Ta dawo da ido kansa, ta auna shi tun daga tsakiyar kai har yatsun ƙafa, a hankali, kamar mai taya rago. Sannan ta sauke hannu.

"Shi ke nan. Riƙe abarka."

"Allah ya yi miki albarka!"

"Amin. Shiga ka shafa mai, ka sa babbar riga. Dama ƙulli ɗaya ba ya rama keke. Da kai da kukar zan miƙa."