Lambar Sirrin Mai Jan Biro

"...ina gajiya, bawan gidanmu? Yau ma kai da kwamfuta kallon-kallo kuke yi?"

Reza ce ta faɗa, tana jan kujera kusa da taubashinta a ɗakin kwamfutoci na laburare. Bakinta ne ya jawo mata laƙabin. Shi kuwa tsohon malamin makaranta ne, Mai Jan Biro, wanda ya shekara arba'in yana karanta mata wasiƙa saboda ita ko ƙofar aji ba ta taɓa leƙawa ba. Wata biyu ke nan suna ajin koya wa tsofaffi kwamfuta, kuma yau ce ranar ƙarshe: duk wanda ya shiga shafin laburare da kansa ya ari littafi, za a ba shi takardar shaida. Ita tuni ta gama, da baki take yi wa na'urar magana. Shi gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Ba gajiya. Tashi ki ba ni wuri, tunani nake."

"Tunani ko makoki? Ga jan rubutu nan a allonka. Ba na karatu, amma ja na san shi, da shi ka ƙuntata wa 'ya'yan mutane."

"Kin ga irinta ko? An ba jahila waya, ta zama alƙali. Ke da ko sunanki aka rubuta sai ki gaishe shi ki wuce."

"Na wuce ɗin kuwa. Na wuce ka. Littafi uku na ara, wata mai zaƙin murya tana karanta min a kunne. Ba ta tari, ba ta tsallake layi, ba ta cewa sai an dafa mata shayi."

Ya kumbura kamar wanda aka ci wa gado.

"Wannan ba karatu ba ne, gulma ce kike saurare. Ai da ma sana'arki ce."

"Hassada ga mai rabo taki ce. Faɗa min gaskiya, lambar sirrinka ta ɓata?"

Ya waiga hagu da dama, ya sassauta murya.

"A takarda na rubuta, na sa a aljihu. Aka wanke rigar."

"Sau nawa ka gwada?"

"Biyu. In na kuskure na uku, rufewa za ta yi sai bayan mako."

"To ga malamar laburare can, kira ta mana."

Reza ta san inda ta taɓa. Malamar nan ɗalibarsa ce tun tana 'yar mitsitsiya, kuma ya sha tsayar da ita gaban aji a kan mantuwa. Ya gwammace ƙasa ta tsage da ya ɗaga mata hannu.

"Kada ki soma. Wallahi in kika kira ta..."

"Girman kai rawanin tsiya. Me ka gwada?"

"Sunan makarantar da na koyar. Sannan shekarar da na yi ritaya."

Ta yi dariya har sai da ta dafe tebur.

"Ku masu biro, takarda kuka ba ajiyar kanku. Mu da ba mu da ita, a nan muke ajiya." Ta ƙwanƙwasa goshinta. "Ina zaune a kujerar nan ranar da ka sa ta. Ba ka iya danna abu sai kana faɗa da baki, kamar mai ba yara shifta."

"Kin ji ta?"

"Har ɗan tarin da ka yi a tsakiya."

"To faɗa min mana, 'yar kawu."

"Au, yau na zama 'yar kawu? Ina jahila?"

"Jahilar ta tafi unguwa."

"Sai ka kira ni Malama tukuna."

Malamar laburare ta taso da takardun shaida a hannu, tana bin kujeru ɗaya bayan ɗaya. Saura mutum uku ta iso. Ya juyo wajen Reza.

"Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Malama."

"Ban ji ba, kunnen ya tsufa."

"Malama Reza, don girman zumunci."

"Ka ma faɗe ta. Ɗalibar nan taka ta ce kowa ya sa abin da ba zai manta ba, ka kalle ni ka ce ba a manta annoba. Sunana ka sa. Ka bi shi da yawan haƙoran da ka ce sun rage min."

Ya danna haruffan, ya tsaya.

"Sha biyu?"

"Sha biyu gare ni, amma kai sha ɗaya ka sa. Ko a nan sai da ka cuce ni ɗaya."

Ya danna. Jan rubutun ya ɓace, littattafai suka jeru a allo. Ya cafki na farko da ya gani ya ara. Malamar ta iso, ta ɗan rusuna ta miƙa masa takardarsa da hannu biyu.

"Ai na san Malam ba ya mantuwa."

"Wa, shi? Ko kaɗan," in ji Reza, tana kallon silin.

Sai da malamar ta wuce dariyar da yake dannewa ta ƙwace masa. Ya zaro jan biron nan daga aljihu ya ajiye mata a tafin hannu.

"Riƙe. Kin ci aji."

Ta juya shi, ta soke a ɗankwali.

"Zai yi susar kai. Gobe ka zo gida ka karanta min wanda ka ara, in ji ko har yanzu kana tsallake layi. Shayin kuma kai za ka dafa."