Yadda Ake Kashe Jar Wutar Batir Ba Tare da Ganin Bakanike Ba

Kai mai tsohuwar mota, jar wutar nan mai hoton batir ta dame ka a tabulo, wato allon nan na gaban direba? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ba za ka sake ganin ta ba. Maƙwabcina Rilwanu ya gwada a makon da zai kai surukarsa, Inna Mu'mina, filin jirgin Nsimalen na nan Yawunde, za ta Hajjinta na fari.

1. Ka musa

Wuta ta kama, sai me? Ja ai launi ne. In matarka ta nuna maka, ka ba ta amsar da Rilwanu ya ba matarsa Fa'iza: "Ke, motar nan ta girme ki, ta san abin da take yi."

2. Ka tara masana

Buɗe bonet a bakin teburin mai shayi. Kafin ka ƙifta ido rabin unguwarmu ta Brik ta zama injiniyoyi. Wani zai ce batir, wani altaneta mai yi wa batir caji, wani ya ce baki ne ya kama motar. Njidda mai suya zai lashi yatsa ya taɓa waya ya ce da guntun Faransancinsa, "Se bon, wuta na nan." Duk ka yarda. Wanda zai ce a kawo na'ura a auna caji, kore shi, ɗan hassada ne.

3. Ka toshe kunne

Akwai bel ɗin da ke juya altaneta, wanda muke ce wa kuruwa. In ta saki, kullum da safe sai ta yi ta kururuwa. Ɗaure ta aikin sifana ɗaya ne, amma ina mutuncinka in aka ce ƙaramin abu ne ya dame ka? Ƙara muryar rediyo.

4. Ka cire ƙwan

Nan gwanintar take. Kwance tabulo, zare ƙwan da ke ba da jar wutar, jefa shi a kwata. Ka kashe maciji ka sare kansa.

Masu karambani za su ce a tsofaffin motoci ta cikin ƙwan nan ne wuta ke bi ta tayar da altaneta, wai in babu shi ko ɗan cajin da kake samu ya tafi. To, gaskiya ne. Amma wa ya tambaye su?

5. Ka hana kowa ɗaukar Inna

Ran tafiya 'yan'uwa za su ce a kira tasi. Daki ƙirji yadda Rilwanu ya yi: "Ina raye Inna ta hau motar haya? Allah ya kiyaye." A loda jaka, a yi addu'a, matasa su tura, ku kama hanya.

6. Ka kunna komai

Ruwan Yawunde ba ya sallama. Da ya tsuge, kunna waifa, kunna fitilu, sa wa Inna karatu a rediyo. Za ka ga waifa ta fara tafiya kamar mai azumi, karatun ya shaƙe, sannan motar ta yi shiru a tsakiyar cunkoso. Dubi tabulo. Ko ɗigon ja babu. Ban faɗa maka ba?

Rilwanu ya fita cikin ruwan yana ɗaga wa tasi hannu, kowace a cike. Kafin a samu wadda ta kai su, an rufe ƙofa, jirgi ya tafi da 'yan rukuninta. Inna ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Cewa ta yi, "Bar kuka, ɗan nan. Allah ne bai kira ni bana ba."

Hattara

Duk wanda ya bi matakan nan, shi da surukarsa, ba ruwana. Kada a zo mini shago da ƙorafi, ni tela ne, ko keken hawa ban taɓa mallaka ba. Abin da na sani kawai, ni na ɗinka wa Inna fararen kayan tafiyar, jiya kuma Fa'iza ta dawo mini da su ta ce in rage tsawon, tsohuwar za ta riƙa zuwa masallacin unguwa da su.